Baƙin Dutse Ɗaya a Akwatin Zaɓe

Kendall Prewitt ba don farin jini aka ɗora ta shugabar gidan ƙungiyar ɗalibai 'yan'uwa mata na jami'arsu da ke Mississippi ba. Taurin kanta a kan doka ne ya kai ta can. Ita ce ta hana aminiyarta zuwa babbar rawar shekara saboda ta faɗi jarrabawa, ko a jikinta. 'Yan mata sittin na gidan suna gaishe ta da fara'a, a ransu kuwa jira suke ƙafarta ta zame.

Idan za a karɓi sabuwa a gidan, akwatin katako ake zagayawa da shi, kowacce ta zura hannu ta saki dutse, fari ko baƙi. Baƙi ɗaya ya isa ya rufe wa yarinya ƙofa har abada. Shugaba kaɗai ke buɗe akwatin, ta ba jama'a baya.

Ran wata Lahadi da la'asar aka zo kan sunan Hadley, ƙanwarta ciki ɗaya. Uwarsu, wadda ita ma a gidan ta yi zamaninta, ta kira sau uku tun safe tana tambayar ko an gama. Kendall ta ɗaga murfi, sai ga baƙi guda kwance a tsakiyar farare. Ta damƙe shi a tafin hannu, ta juyo.

"Duk fari ne," ta ce.

Aka ɗauki tafi. Sai a lokacin abin ya faɗo mata: wadda ta jefa dutsen ta san ƙarya ta yi. Ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kowa tafi take yi.

Mako uku babu wadda ta ce uffan, kuma wannan shirun ne ya fi cin ta. Tsoro ya shige ta sosai. Duk wadda ta taka doka, sai Kendall ta dube ta ta ce a ranta ko ita ce, ta kawar da kai. 'Yan mata kuwa ba wawaye ba ne, sun lura.

Rannan labari ya iso mata cewa Sloane Lassiter, mai kula da sababbi, tana sa su durƙuso a kan ɗanyar shinkafa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa har gwiwa ta fashe. Wannan laifin kora ne kai tsaye. Kendall ta kira ta ofis, ta karanta mata dokar. Sloane ta saurara tana duba farcenta.

"Ai na san hukuncin, ranki ya daɗe," ta ce. "Ki dai gaya wa ƙanwarki ta haɗa kayanta, tare za mu fita."

Kendall ta daɗe tana kallon takardar korar, sannan ta tura ta cikin aljihun tebur.

Washegari sababbi goma sha huɗu suka sake sauka ɗakin ƙasa. Hadley ce ta uku a layi.