Ranar da Inayat Kharal ya shiga kotu shi kaɗai

Inayat Kharal ya tsufa a harabar kotun wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Canab. Ofishinsa bai wuce tebur da kujera a ƙarƙashin rumfar kwano ba, a jere da na sauran lauyoyi. Baƙar kwat ɗinsa ta koɗe a kafaɗu. Bai yi suna ba, amma mutanen ƙauyuka sun san ba ya karɓar shari'ar da ba zai tsaya mata ba.

Al'adar harabar ita ce, idan aka ci mutuncin lauya guda, sai ƙungiyar lauyoyi ta kira yajin aiki, ba mai taka ƙofar kotu. Inayat ya bi wannan al'ada tun yana saurayi, bai taɓa tambayar kansa wa take cutarwa ba.

A bazarar da muke magana a kanta yana riƙe da shari'ar Buta, wani tsohon manomi da aka tsare saboda rikici a kan rabon ruwan gona. Buta yana fama da tari, gidan yari kuwa ga cunkoso ga zafi. Ranar da za a saurari neman belinsa sai aka wayi gari da yaji, wai ɗan sanda ya mari wani ƙaramin lauya a wurin ajiye babura.

Shamim, 'yar Buta, ta iso da sassafe. Ta ce a ziyararta ta ƙarshe ta tarar mahaifinta yana tofar da jini. Inayat ya yi mata bayanin dokar ƙungiya, ta saurara har ya kai aya.

"Wakil Sahib, shi ma tarin zai shiga yajin ne?" in ji ta, tana kiransa da laƙabin girmamawa da ake yi wa lauyoyi.

Inayat ya miƙe. Ya ɗauki kwat ɗinsa ya saka.

A ƙofar kotu Zulfikar, shugaban ƙungiya, yana shan shayi da mutanensa.

"Kharal, da furfurarka za ka ci amanar 'yan'uwa? Ko kujerar alƙali aka yi maka alkawari?"

"Wadda nake kai ma da ƙyar take ɗaukata," in ji Inayat, ya ratsa su ya wuce.

Ya tsaya gaban alƙali ya yi bayanin da bai taɓa yin irinsa ba. Amma idon alƙali yana kan baƙaƙen kwat na lauyoyi masu yaji da suka cika taga. Da Inayat ya gama, sai ya ce tunda lauyan masu ƙara bai zo ba, adalci ya hana a saurari ɓangare ɗaya. Ya ɗage zaman zuwa bayan hutun kotu.

Daga ranar abokan aikinsa suka daina amsa sallamarsa, mai shayi ma ya riƙa tsallake teburinsa. Wannan bai dame shi kamar tafiyarsa gidan yari kowane mako ba, inda yake tarar da Buta ya ƙara ramewa.

Da kotu ta dawo, magatakarda ya kira sunan Buta. Inayat ya miƙe ya shaida wa kotu cewa mai neman belin ya rasu a tsare, kuma 'yarsa ta karɓi gawar. Alƙali ya sunkuyar da kai, aka kira shari'a ta gaba.