Mai Jar Takarda a Gaɓar Mopti

Yana tsaye tsakanin kwandunan kifi a gaɓar kogi a garin Mopti, dogo, siriri, gemunsa ya yi furfura, takalminsa duk laka. Tun da aka sa ranar ƙuri'ar raba-gardama kan sabon tsarin mulki, allunan gari duka na masu cewa "E" ne, talabijin kuma ta daina nuna fuskarsa. Sai da ya buɗe baki na gane muryar da nake ji a rediyo: Sagara ne, shugaban jam'iyyar adawa, shi kaɗai, ba mota, ba mai gadi.

Hannunsa na hagu ba ya miƙewa, ina zaton tsarabar gidan yari ce. Da na dama yake ɗaga jar takarda yana cewa, "Wannan ita ce A'a." Sojoji biyu na jingine da mota suna kallonsa.

Wata dattijuwa mai kifi, 'yar ƙabilar Bozo, da ta ji ana kiran sunansa, ta san ɗan ƙabilar Dogon ne, mazauna kan duwatsu, taubashinta.

"Kai ɗan kan dutse, ko iyo ba ka iya ba, kai ne za ka tsallakar da ƙasa? Ɗauki kwandon nan, bawana!"

Ya cire hula, ya aza kwandon a ka, ya bi ta har kwalekwale, ruwan kifi na zuba a wuyan rigarsa. Ta karɓi takardar ta ɗaure a bakin zane, sannan ta juya wajen sojojin, ta ɗaga murya.

"Wannan nawa ne. Ni kaɗai ke da ikon wahalar da shi."