Neman Abin Tsoro Daga Karaye Zuwa Beli

Ana idar da sallar asuba muka nufi tashar Kabuga, ni da abokina Habu, dogo siriri kamar karan dawa. Ni ɗalibi ne a wata makarantar koyon shirya fim a Kano, kuma aikin ƙarshe da aka ba ni gajeren fim ne na ban tsoro. Na farkon da na kai, dariya ajin ya yi har da masu riƙe ciki. Malam Sabo, malaminmu, ya ce dama ɗaya ta rage mini, in na sake kawo abin dariya sai na maimaita shekara. Shi ne na ce bari in nufi wajen kawuna a Beli, ko a dace da kango mai kyau a hanya.

Mun ɗan wuce Gwarzo 'yan sanda suka tsayar da motarmu.

"Mene ne a jarkar nan?" in ji ɗayansu.

Habu, da bakinsa ba shi da linzami, ya ce, "Jini ne, yallaɓai."

Da ƙyar na yi bayanin cewa zoɓo ne aka dama da sitaci don fim. Ɗan sandan ya ɗanɗana, ya ce sukari bai ji ba, ya sallame mu.

Karaye

Da hantsi muka sauka, muka karya da ƙosai da koko. Wani ɗan acaɓa ya kai mu wani tsohon kango a wajen Kurugu, mai unguwa ya ba mu izini. Na naɗe Habu da farin ƙyalle, na baɗe shi da toka, na zuba masa zoɓo a baki.

A makaranta an koya mana cewa rabin tsoro a sauti yake, don haka sai an yi tsit ake ɗauka. To, wa ya isa ya hana mutumin ƙauye gaisuwa? Duk wanda ya gifta sai ya tsaya.

"Sannunku da aiki. Ya mutanen Kano?" in ji wata tsohuwa mai ɗauke da itace.

Sai fatalwata ta durƙusa har ƙasa. "Lafiya lau, Inna. Sannu da ƙoƙari."

Haka muka wuni. Yara kuwa suka ce tashe muke yi ba azumi. Raina ya ɓaci sosai, amma ni ma sai da na dara.

Rogo zuwa Beli

Bayan la'asar muka hau mota zuwa Rogo, daga can babur ya kai mu Beli, gonakin gyaɗa dama da hagu. Kawu Isyaku ya sauke mu a ɗakin soro, aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Habu ya ci kamar ba shi ne mamacin ɗazu ba.

Da safe na ajiye batun ƙyalle, na ce bari dai in gwada ɗauka daga nesa. Na sa wa Habu kayan gonar Kawu da malfa, na tsayar da shi tsakiyar gyaɗa da fartanya, ya ba hanya baya.

"Ko wa ya gaishe ka, in ka amsa, da ƙafa za ka koma Kano," na ce masa.

Na laɓe da kyamara bayan ɗorawa. Can sai ga wani dattijo a keke. Ya ce, "Sannu da aiki." Shiru. Ya taka birki, ya sake gaisuwa. Shiru. Ya sauko, ya matso bakin kunyar gyaɗa, ya yi cikakkiyar sallama. Habu ko motsi bai yi ba, iska ce kawai ke kaɗa rigarsa. Dattijon ya fara ja da baya yana a'uziyya, ya yar da keke, ya ranta a na kare. Ni da na shirya abin, sai da tsigar jikina ta tashi, kuma rana tsaka.

Kawu ya ce ai dattijon nan Baba Ali ne, maƙwabcinsa. Muka tura masa kekensa har gida, da goro, muka durƙusa muka ba da haƙuri. Ya yi dariya har da hawaye.

"Yaro, tunda nake ban taɓa gaida ɗan'adam a gona ya yi mini shiru ba. Sai na ce wannan ba namu ba ne."

Na roƙe shi ya bar ni in sa shi a fim ɗin. Ya ce ya yarda, amma a cire inda hularsa ta faɗi.

Kano

Washegari muka iso gida lafiya. Sai ranar nuni ta zo. Aka kashe fitila, ga Habu tsaye a gona, ga keke yana tahowa. Gaisuwar farko wani ya ɗan yi dariya. Ta biyu ba wanda ya yi ko tari. Da Baba Ali ya yi sallama shirun ya yi tsawo, sai na ji murya a gefena, ƙasa-ƙasa. Malam Sabo ne, ya dafe kujera.

"Ka amsa mana, bawan Allah."

Na ci jarrabawa, alhamdu lillahi. Godiya ga Kawu Isyaku da mutanen Kurugu masu gaisuwa. Baba Ali kuwa, Allah ya ƙara girma, na cika alkawari: duk Kano ba wanda ya ga hular nan ta faɗi.