Hanyar Tudun Alli

Inna ta zo Umra da azumi, bizarta ta ƙare, ta ce ba inda za ta sai ta tsaya a Arfa. Cikin shekarun casa'in ne. A lokacin ina zaune a Kurayyat, kudancin Jidda, ina dako a shagunan Ammariyya. Ni kaina ba ni da iƙama, wato takardar zama, balle ita. Matata ce kaɗai mai takarda a gidan, don a Jidda aka haife ta, Larabci ma ya fi Hausa zama a bakinta.

Tsakanin Jidda da Makka akwai shingen bincike a kan babbar hanya. In aikin Hajji ya matso, askarawa ba sa barin mota ta wuce sai sun leƙa cikinta. Wanda aka samu ba takarda sai tarhil: a tsare shi har a sami jirgin da zai mayar da shi gida. Inna ta tsufa, gwiwarta ta hagu tana damunta. In aka mayar da ita, duk mun san ba za ta sake zuwa ba.

Abin da irinmu ke yi shi ne mota ta sauke mutum kafin shingen, ya shiga duwatsu da ƙafa, ya ɓullo ta bayansa, motar ta sake ɗaukarsa. Gajeriyar hanyar kowa ya san ta, har askarawan. Saboda haka na tafi kasuwar dabbobi wajen wani dattijo Balarabe makiyayi, wanda aka ce ba kwazazzabon da bai kora awaki ba a wannan yanki.

Ya tsuguna a inuwar wata mota, ya zaro wani farin dutse daga aljihu, ya zana mini a kan kwalta. Dutsen rubutu yake kamar allin makaranta. Ya ce daga wani tudu ya tsinto shi, tudun duk haka yake, fari fat, dogo, a arewa da babbar hanya. Ya ce, ka hau bayansa da sassafe, ka miƙe, kada ka sauka ko ka ga wuri mai sauƙi. Rana za ta take kafin ka kai ƙarshensa. A can kwari biyu ne. Ya ɗaga yatsa, ya faɗi wanda za a bi, ya maimaita. Na ji ya ce yamma. Har na yi mamakin yadda Balarabe ya san kalmarmu, na ɗauka zama da 'yan uwanmu a kasuwa ne ya koya masa.

Na dawo gida da la'asar, na tarar da Inna a tabarma tana shafa man zafi a gwiwa, matata tana tsince shinkafa. Na zana musu hanyar da yatsa a kan tabarma. Muka shiga lissafin abin da za a ɗauka. Ruwa ne babba: jarka ɗaya a kafaɗata, gora a hannun kowa. Dabino, busasshen burodi, gishiri kaɗan. Matata ta ce silifa ba za ta yi wa Inna ba, za ta aro mata kambas a maƙwabta. Ta ce kuma kada Inna ta sa baƙar abaya, don a kan farin tudu daga nesa za a hango ta, ta ɗaura farin zane da farin mayafi. Ni dama harami zan ɗaura. Direban da zai kai mu wani ɗan Agadas ne mai akori-kura, abokin aikina.

Da na kai ƙarshen zanen na ce, "Daga nan sai mu yi yamma."

Matata ta dakata da tsintar. "Yamma kuma, Malam? Makka tana gabas. Yamma ai inda muka fito ne."

"Hanyar dutse ba miƙaƙƙiya ba ce. Zagayawa take."

"Ɗayyib, na ji. Amma faɗa mini da Larabci, yadda ya faɗa maka. Kalma kalma."

"Ni na je ko ke?"

"Kai ka je. Ni dai Larabcin nan naka na san shi, na ɗauko-ajiye ne."

Da wasa ta faɗa, amma a gaban Inna ne, sai abin ya yi mini zafi. Na ce halas, magana ta ƙare. Inna ba ta kama sunana, don ni ne ɗan fari. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wannan, ƙafata ba ta tafiya biyu ba ce. In za a kai ni, a kai ni sau ɗaya."

Wannan magana ce ta sa na yanke shawarar in je in taka hanyar ni kaɗai tukuna. Har a raina so nake in dawo in nuna wa matata ba ta fi ni jin magana ba.

Ranar Juma'a direban ya sauke ni a gindin tudun, gari ya fara haske. Muka yi da shi zai jira ni a bayan shingen. Hawan farko ne mai wuya, dutsen yana marmashewa a ƙarƙashin ƙafa. Da na hau sai na ga bayan tudun shimfiɗe, 'yar siririyar hanyar awaki ta bi tsakiyarsa. Ina tafiya ina auna komai da ƙafar Inna: nan za ta iya, nan sai na goya ta, ga wata ƙaya mai 'yar inuwa da za mu huta. Da hantsi ya yi farin ƙasar ya fara kashe ido, dole na rufe fuska da rawani, na bar 'yar kafa. Babu kowa sai kashin awaki da ya bushe.

Rana ta take na kai ƙarshe. Ga kwari biyu kamar yadda ya faɗa. Ɗaya ya gangara ta hannun damana, ƙunci, cike da manyan duwatsu. Ɗayan ya lanƙwasa baya, yamma, mai faɗi da yashi. Na ji daɗi da na ga mai sauƙin ne namu. Na bi shi.

Na daɗe ina gangarawa kafin in fara jin ƙugin motoci. Na ƙara sauri. Ina zagaya wani dutse sai na ga rumfar shingen a gabana, kusa ƙwarai, har ina jin muryar askari yana yi wa wani direba tsawa. Ba bayan shingen na ɓullo ba, bakinsa na ɓullo. A gefen hanya ga wata bas a tsaye, an zaunar da mutane a ƙasa cikin rana, maza da mata, wasu da jakunkunansu a ka. Na hango wata tsohuwa mai farin mayafi a cikinsu, tana riƙe da buta.

Na kwanta rub da ciki a bayan dutsen. Ƙasar tana ƙona mini ƙirji, ban motsa ba. Wani askari ya taho wajen da nake, ya tsaya, ya zubar da sauran shayinsa, ya daɗe yana duban tudun. Da ya juya na ja jiki da baya, da gwiwa da hannu, har rumfar ta ɓace mini. Na koma ta inda na fito. Ruwana ya ƙare tun ban kai rabin tudun ba. A wani masallacin bakin hanya na kwana, da safe wata tankar ruwa ta rage mini hanya zuwa Jidda.

Na shiga gida fari fat kamar wanda ya faɗa buhun gari. Direban ya riga ya zo ya ce bai gan ni ba, saboda haka sun ɗauka an kama ni. Matata ta miƙo mini ruwa. Sai da na sha na ce, "Mutumin nan ya yaudare ni. Bakin shingen ya tura ni."

"Me ya ce? Don Allah, Malam, yadda ya faɗa."

Wannan karon na faɗa. "Ya ce, ba'aden ruh yaman."

Ta dafe kai. "Yaman! Ya Allah. Yaman kudu ne, cewa ya yi daga nan ka yi kudu. A ƙasar nan, sham ake ce wa arewa, kudu kuma yaman. Kullum kana wucewa ta Balad, tsohon gari, unguwar da ake ce wa Haratul Yaman ta wane gefe take?"

Ta kudu take. Na sha kai kaya can, ban taɓa tambayar dalilin sunan ba.

To amma lokaci ya ƙure. Alhazai sun fara shirin fita Mina, ƙafafuna duk sun yi bororo, ba halin in koma in taka kwarin kudu in ga abin da ke cikinsa. Abin da na gani kawai bakinsa ne, ƙunci da duwatsu. Na gaya wa Inna gaskiya: ban san tsawonsa ba, ban san inda ya ɓulla ba, kuma na ga waɗanda aka kama.

Inna ta murza gwiwarta. Can ta ce, "'Yar nan, kin tabbata da kalmar?"

"Wallahi na tabbata, Inna. Hanyar ce ban sani ba."

"To ke za ki shiga gaba. Wannan ya ɗauki ruwa."

Haka muka yi. Tudun ya cinye mana fiye da yadda ya ci mini, don sai mun tsaya Inna ta huta. Da muka kai ƙarshensa matata ta juya dama ba tare da ta dube ni ba. Kwarin ya fi yadda na zata muni. Na ba ta jarkar, na goya Inna, muna bi ta tsakanin duwatsu, ba mai magana sai talbiyyar da Inna ke yi a hankali a bayan wuyana. Rana ta karkata, ba alamar hanya. Na fara tunanin ko makiyayin wani kwarin yake nufi.

Sai muka ji motoci. Matata ta ce mu tsaya a nan, ita ce mai takarda, ko an gan ta ba abin da za a yi mata. Ta tafi ita kaɗai, ta sha kwana, muka daina ganinta. Inna ta daina talbiyya, ta damƙe kafaɗata.

Can sai ga ta a kan wani dutse, tana kaɗa gefen mayafinta. Da muka isa ta nuna mana da hannu: rumfar shingen can baya, ƙarama, wajen faɗuwar rana, akori-kurar kuma a tsaye gaba kaɗan, direban ya buɗe gabanta kamar mai gyara. Inna ta ce in sauke ta, da ƙafarta za ta ƙarasa.