Daren da Muka Ƙi Yi wa Iya Amshi

Iya Hajo, kakata ta wajen uba, ba ta yarda a saurare ta da baki a rufe ba. Sauran tsofaffin ƙauyenmu, can gefen Ɗanzomo, in suna tatsuniya so suke yara su yi tsit. Ita kuwa kana yin shiru za ta zungure ka da kara. "Angona, barci kake ko rowar murya?" Haka take ce mini, don ni ne babban jikanta namiji, ni ne kuma mai bakin tsiya a cikinsu.

Lokacin tatsuniyarta shi ne bayan an kwaso zoɓo daga gona. Da an idar da sallar isha'i sai a zube mana shi a tabarma mu biyar, ni da ƙanwata Ladidi da 'ya'yan Baffa uku, muna ɓarewa hannu duk ƙaiƙayi. Iya ta hura wutar kara a tsakar gida, ta kife wata tsohuwar ƙwarya a gabanta, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa. "Ga wata tafe daga nesa," in ji ta. Mu ce, "Ta ƙaraso, akwai wuri." In bakin mutum ɗaya bai motsa ba, sai an sake.

Tana da na dariya da yawa, amma wadda ta fi yi mana, wadda kuma na fi tsana, ita ce ta Jibo.

Jibo ɗan amshi ne na wani babban makaɗi da sunansa ya kai daga Gumel har Damagaram. Su biyar ne ke tsayawa a bayan maigidan, in ya jefa baiti su karɓa. Kowa ya san muryar Jibo ce gishirin amshin. Wata rana a kasuwar Maigatari wani mai daɗin baki ya ja shi gefe ya ce, "Kai muke zuwa ji, ba tsohon nan ba." Maganar ta shiga kan Jibo ta zauna. Ya rataya kalangunsa ya yi sallama da maigida. Ya nemi abokansa huɗu su bi shi, ko ɗaya bai ɗaga ƙafa ba.

Abin da Jibo bai lura ba shi ne bakinsa ya riga ya saba. A gidan biki na farko da ya je shi kaɗai, ya jefa baiti, ya tsaya a inda amshi ke shigowa. Ba wanda ya karɓa. Ya sake, ya sake tsayawa. Mutane suka dubi juna, suka zame ɗaya bayan ɗaya suka nufi inda ake rabon abinci. Haka ya yi ta yi gari gari har aka daina kiransa.

A nan ne Iya ke rage murya, mu kuma mu matso kusa da wuta. Ran nan da almuru Jibo na dawowa a ƙafa, ya zauna a bakin wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe. Baƙin ciki ya sa ya taɓa kalangu ya rera. Sai Iya ta buga ƙwarya ta rera da wata murya siririya da ba ta amfani da ita ko'ina sai nan:

"Jibo ya fito, ina mutanena?"

Mu ne za mu zama abin da ya amsa daga cikin rijiyar. Dole mu haɗa baki mu ce, "Ga mu nan bayanka." Ku tuna fa, wuta tana gabanmu, bayanmu kuwa duhu ne da rumbuna. Duk lokacin da na faɗi kalmomin nan sai na ji ƙeyata ta yi sanyi.

Jibo ya yi murna, ya samu 'yan amshi. Sai dai shi kaɗai ke jin su. Yana shiga gari ya jefa baiti, ya karkata kai yana murmushi yana gyaɗawa, mutane kuwa ba abin da suke ji sai shiru. Iyaye suka riƙa janye 'ya'yansu. Kullum shirun na ƙara tsawo, don muryoyin suna ƙara cin waƙar, har ta kai su ke jefawa shi ke amsawa. Da tsoro ya kama shi ya koma wurin tsohon maigidansa. Maigida ya ji tausayinsa ya ce ya tsaya a baya. Aka soma waƙa, Jibo yana ganin bakin maigida na motsi amma ba ya jin komai sai muryoyin rijiya. Washegari aka ga kalangunsa a bakin rijiya.

Ina shekara goma dabara ta zo mini, ni mai wayo. Na ce in ba a amsa ba, ai tatsuniyar ba ta da hanyar wucewa, dole Iya ta sauya wata. Na tara yaran a bayan rumbu da rana, na yi musu alkawarin ƙuli-ƙuli, na ce duk wanda ya buɗe baki sai na haɗa shi da abin cikin rijiya.

Daren ya zo. Iya ta kai tatsuniyar bakin rijiya, ta buga ƙwarya, ta rera. Muka yi gum.

Na zaci za ta ɗauki kara ta ce angona ya yi yaji. Ba ta ɗauka ba. Ta sake rerawa, a hankali. Ba abin da ake ji sai ƙarar kara a wuta. Sai na ga kanta yana karkacewa gefe guda, sannu sannu, daidai yadda take kwatanta mana na Jibo, amma wannan karon ba kwatance ba ne. Idonta ba ya kanmu, yana can bayanmu. Yatsunta suka tsaya cak a kan ƙwarya. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na so in amsa, harshena ya ƙi tashi.

Ta ce, da ƙyar ake ji, "Ku amsa mini. Don Allah ku amsa mini."

Ladidi ce ta fashe da kuka ta ƙwala, "Ga mu nan bayanka! Iya, ga mu nan!" Babanmu ya fito daga ɗaki da gudu ba takalmi. Ya durƙusa ya riƙe hannuwan uwarsa yana cewa, "Iya, ni ne Sule. Gida kike." Sai da ya kai ta ɗaki ya dawo kaina. Bai dake ni ba. Ya kama kunnena kawai ya ce, "Kada ka kuskura ka ƙara barin ta ita kaɗai." Ban gane ba, tunda mu biyar ne zaune a gabanta. Iya ta kwana uku ba ta ce wa kowa uffan ba, kuma ba ta sake yi mana Jibo ba.

Sai da na girma na samu aikin koyarwa a Gumel, tsufa ya kama Iya muka ɗauko ta, sannan na ji sauran. Muna kwashe kayanta Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Kaset-kaset ne cike, ko ledarsu ba a ɓare ba, da hoton wata mace mai ɗaurin ɗankwali na ƙwalisa. Gwaggo ta ce, "Ka ga Jibo nan." Ashe Iya ta yi shekaru tana amshi a wata ƙungiyar mata masu kiɗan ƙwarya da ake ɗauka da mota har cikin Nijar. Aka zuga ta ta fita. Ta sayar da awakinta ta je Kano ta yi kaset ita kaɗai, ta bar gurbin amshi a ciki, wai masu saye za su amsa a gidajensu. Ba a saya ba. A wani biki a Sule Tankarkar ta tsaya gaban mata ta rera sau uku ba wanda ya karɓa. Sai ɗauko ta aka yi, ta shekara ba ta magana.

Na sa kaset ɗin sau ɗaya. "Hajo ta fito, ina mutanena?" Sai shiru, kana jin numfashinta tana jira. Na kashe, ban iya kaiwa ƙarshe ba.

Ina yaro na ɗauka darasin Jibo shi ne kada ka ji zuga ka raina inda kake. Yana ciki, ban musa ba. Amma yanzu na fi ganin ba don masu waƙa Iya ke yin tatsuniyar ba, don mu masu zama a gaba ne. Ba faɗuwar ce ta fi ba ta tsoro ba, abin da zai shigo ya cike gurbin ne in mutane sun ƙi amsawa. Shi ya sa da hankalinta ya soma gushewa, ta koma rera baitin nan a kowane lokaci, na kafa doka a gidana: duk wanda ya ji, ko loma ce a bakinsa, ya amsa. 'Ya'yana suka mai da abin wasa, ni kuwa ko a aji nake hankalina na gida.

Ranar da za ta rasu, da hantsi ne, muna kewaye da ita. Ta buɗe ido ta rera da siririyar muryar nan, "Hajo ta fito, ina mutanena?" Na ja numfashi zan amsa. Kafin sauti ya fita daga bakina sai na ga ta karkata kai, ta yi murmushi, ta gyaɗa.

Muka ɗaga murya gaba ɗaya, ni har ina ihu, "Ga mu nan bayanki, Iya! Mu ne!" Allah Ya ji ƙanta. Shekara shida ke nan, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don ban san wa ta fara ji ba.