Alƙaluman Malam Na'Allah

Ran Juma'a, in an sallame la'asar, kowa a garin nan na ƙasar Dakoro ya san inda zai sami Malam Na'Allah. Yana rumfar makaranta, gabas da rijiya. Babu yaro ko ɗaya, domin Alhamis da Juma'a hutu ne. Daga shi sai tsintsiya.

Da shara yake farawa. Ya share rumfar daga ƙurya zuwa baki, ya yayyafa ruwa. Ya kankaro baƙin gindin tukunyar matarsa Hawwa'u, ya haɗa da ƙaron da ya ɓamɓaro a daji, ya dama tawada. Ya jera alluna a jikin zana. Sannan ya shimfiɗa fatarsa, ya ajiye damin karan gamba a hannun dama, ya zaro 'yar wuƙarsa. Ya ɗauki kara, ya feƙe alƙalami, ya tsaga baki, ya gwada a farce. Ya ambaci sunan yaro guda, ya ce Allah ya kawo shi lafiya, ya ajiye. Ya ɗauki wani. Na yaran gari ya zuba a kwando. Na waɗanda suka yi tafiya ya soke a zana, su jira masu su. Akwai kuma waɗansu can sama da suka yi baƙi don tsufa. Su yakan sauko da su, ya goge da gefen riga, ya motsa baki a hankali, ya mayar.

Wanda ya zo a farkon aikin zai ga hannunsa na rawa. Wanda ya zo a ƙarshe zai ga hannun ya tsaya cak.

Daga kudu ya zo, shi da matarsa da jakar littattafai, tun garin bai wuce 'yan bukkoki ba. Mai gari Abarci ya ba shi wuri. Ya karantar da ɗiyan manoma, ya karantar da ɗiyan makiyaya. Na makiyaya su ne wahala. Da rani suna bakin rijiya, damina na faɗuwa su yi arewa da dabbobi, su dawo kai fayau kamar wankakken allo. Ya koma da su farko, ba tsawa. Sa'adu maƙeri, wanda maƙerarsa ke kallon rumfar, ya ce bai taɓa jin ya ce wa yaro "ba na faɗa maka ba?" Shekarar da fara ta cinye gero, aka watse neman abinci, yaran da suka rage ba su cika tabarma guda ba. Bai rage shara ba, bai rage tawada ba.

Amma mutum ba ya rasa bakin mutane. An yi ta raɗa a kan karan nan da yake sokewa. Mata a bakin rijiya suka ce sun ji yana kiran sunayen da babu masu su a garin.

Maganar ta fashe wata damina. Akwai wani Buzu mai raƙuma, Intalla, wanda ɗansa Attaher ke karatu a rumfar. Da suka yi arewa, yaron ya ƙi ci, ya ƙi wasa. Wata rana aka neme shi aka rasa. Sai can aka tsince shi a daji ya miƙi kudu a ƙafa, ƙishirwa ta kusa gamawa da shi. Wani falke ya ce wa Intalla ai ba banza ba, malamin na soke kara da sunan yaron. Kiranye ne, asirin da ake yi wa wanda ya yi nisa, ya kasa zaune ya kasa tsaye sai ya dawo.

Intalla ya ɗora yaron a bayansa, ya koro raƙumi. Ran Juma'a da la'asar ya iso, Malam na tsakiyar fiƙa. Kafin raƙumin ya gurfana gari ya taru.

Bai yi sallama ba. Ya ce, "Malam, wanne ne na ɗana cikin waɗanga?"

Malam ya nuna masa.

"To, kun gani. Ya amsa da hannunsa. Na ba ka yaro ka koya mishi salla, ka ɗaure mini shi da kara? Saura kaɗan in binne shi."

Daga bayan zana Hawwa'u ta ɗaga murya. "Kiranye? Mutumin da akuyarshi ta ɓace tun bara, har yau bai iya kiran ta ba?"

Wasu suka yi dariya. Intalla bai yi ba, hannunsa na kan takobi.

Mai gari Abarci ya ce, "Malam, ni na ba ka wurin ga, kuma ban taɓa ganin sharrinka ba. Amma ɗiyan mutane ba abin wasa ba ne. In asiri ne, gobe rana ba ta faɗuwa kana garin ga. Waɗancan baƙaƙen na sama, ɗiyan wa ne? Mun ji kana kiran Isufu, kana kiran Mainassara. Ba mu da su."

Malam ya dubi wuƙar da ke hannunsa. Namiji a ƙasar nan ya gwammace a kore shi da ya faɗi abin da Malam ya faɗa. Shi ya faɗa.

"Tsoro nike ji."

Ya ajiye wuƙar, ya ci gaba.

"Ina da makaranta a kudu kafin in zo nan. Ran wata Laraba na sallami yara. Ran Juma'a na tahi babban gari salla. Mahara suka faɗa ma ƙauyen a bayana, suka tarar da yaran a gona suna korar tsuntsaye, suka kwashe. Ran Asabar na zauna a rumfa da tawada har rana ta take. Ba wanda ya zo. Tun daga ran nan, in la'asar ɗin Juma'a ta yi, sai tsoro ya rufe ni. Sai in ga kamar gobe ma haka za a yi. Na yi addu'a, ina kan yi. Amma sai na yi shara, na dama tawada, na feƙe ma kowa nashi, na kira sunanshi, sannan numfashina ke daidaita. Shi ke nan asirin."

Ya ɗaga kai ya dubi na saman. "Intalla, da kiranye ne, da waɗancan sun daɗe da dawowa."

Intalla ya ja amawali ya rufe har ƙarƙashin ido. Sannan ya juya ga ɗansa. "Kai, mi ya fisshe ka?"

Yaron ya ce, "Asabar ta yi, Abba. Ana jirana."

Intalla ya saki takobi. Ya tuɓe takalmi, ya yi sallamar da bai yi ba, ya zauna a ƙasa. Da zai koma arewa ya bar yaron a hannun Hawwa'u, ya bar mata akuya mai nono. Ta ce, "Wannan kam a ɗaure ta da kyau. Kun dai ji Malam bai iya kiranye ba." A nan ne Intalla ya yi dariya.

Malam Na'Allah, mu ba mutanen yabo ba ne. Mun ga masu takobi, mun ga masu haƙa rijiya har hasken sama ya koma kamar bakin tulu. Ba mu ga irinka ba. Kai ne ka kwana da tsoro kowace Juma'a, ka tashi Asabar ka buɗe makaranta. Kai ne aka ƙwace wa yara, ka zo ka karɓi na wasu. Wani da ya ga abin da ka gani, da ya jefa allo a wuta ya kama noma. Kai ka nemi tsintsiya da kara da baƙin tukunya, ka tallafe zuciyarka da su, ka ci gaba. Gamji, ana tsammani ba ka jin iska, ashe ji kake, faɗuwa ce ba ka yi. Duk mai salla da karatun kirki a garin nan, daga bakinka ya ɗauka.

Bana ya ajiye karantarwa. Ido ya yi rauni, baya ya sunkuya. Malam Attaher ne ke zaune a kan fatar, gemunsa har ya fara furfura. Amma Juma'a ba ta san an yi murabus ba. La'asar na yi tsoho zai dogara sanda ya nufi rumfa.

Juma'ar da ta wuce wuƙar ta suɓuce masa. Ya laluba, ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Intalla na wurin, shi ma ya tsufa, ya daina bin raƙuma. Ya ɗauki wuƙar, ya ce, "Kira sunayen, ni in feƙe."

Ya feƙe na farko ya miƙa. Malam ya shafa bakin da yatsa, ya ce, "Intalla, wanga alƙalami ne ko turken jaki?"

"Karɓi haka nan. Ni raƙumi na iya."

Haka suka yi har kwando ya cika. Sannan Malam ya ce a sauko masa da na sama. Ya goge su ɗaya bayan ɗaya. A karo na farko ya kira sunayen da ƙarfi, kowa na ji. Isufu. Mainassara. Ma'u. Ya bi su har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba, bai yi tuntuɓe ba. Kowane suna ya ce Allah ya kai shi lafiya inda yake. Duk wanda ke rumfar ya ce amin.

Mun gode, Malam. Allah ya saka, ya sa ka gama lafiya, ya haɗa ka da yaranka inda babu mahara.

Ku kuwa masu tasowa, ku duba ku gani. Wanda aiki ya ba tsoro kada ya gudu, kada kuma ya yi ƙaryar ba ya ji. Ya nemi tasa tsintsiyar. In kun shiga daji kun ga gamba ta ƙosa, ku yanko ku kai rumfa kafin la'asar ɗin Juma'a. Kada ku ajiye ku tafi. Ku zauna har sunayen su ƙare.