Abin da Ba a Sassaƙa a Kan Kabarin Anaksila Ba

An haifi Anaksila a birnin Lamfasakos da ke gaɓar teku, a shekara ta uku bayan gasar Olimfiya ta ɗari da goma sha biyu, gasar da ake yi duk shekara huɗu, wadda da ita muke ƙidayar shekaru. Mahaifinta Mikilos mai ɗinkin ragar kamun kifi ne, mahaifiyarta Simale kuwa tana sayar da busasshen ɓaure a bakin kasuwa. Ni mai wannan rubutu, Dorkon mai sassaƙa dutse, da hannuna na sassaƙa abin da ke kan kabarinta, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Shi ya sa na ƙudura in bar wa na baya gaskiya kafin ƙasa ta rufe idona.

Ƙuruciya da Aure

Da yake ba a kai mata makaranta, ta koyi haruffa ne daga tambarin da ke jikin tulunan man zaitun. Tana da shekara goma sha bakwai ta auri Kilon, falken mai, suka haifi 'ya'ya biyar, zazzaɓi ya ɗauke uku a bazara guda. Masu duba suka ce fushin alloli ne, ita kuwa ta shafe shekara shida tana yanka zakaru a kowane ɗakin tsafi, barci ya ƙaurace mata, ta rame kamar kara.

Neman Ilimi

A shekarar gasa ta ɗari da ashirin ta shiga lambun wani dattijo mai hikima, Tilon, a bayan ƙofar gabas, inda mata da bayi da 'yantattu ke zama a tabarma ɗaya. A nan ta fahimci cewa jin daɗi na haƙiƙa shi ne jiki babu ciwo, zuciya babu fargaba. Cewa gurasar sha'ir da ruwa sun wadaci mai yunwa. Cewa alloli suna da abin yi da ya fi farautar 'ya'yan talakawa. Mutanen gari, waɗanda ko leƙen lambun ba su taɓa yi ba, suka sa masa suna gidan mashaya. Wata rana a bakin rijiya wata mata ta ce mata, “Sannu, 'yar jin daɗi! Yau tulun giya nawa kuka kwankwaɗa?” Ta amsa, “Zo ki taya mu, yaya. Yau biki ne, har da cuku.”

Koyarwa

Tilon ya rasu a shekara ta biyu bayan gasa ta ɗari da ashirin da uku, ya bar mata lambun, ta koyar a cikinsa tsawon shekara ashirin da uku. Ni kaina na je mata bayan rasuwar matata, cike da tsoron abin da ke cikin kabari. Ta miƙa mini fartanya, ta ce, “Haba Dorkon, ƙato da kai! Mutuwa baƙuwa ce da ba ta taɓa tarar da maigida a gida ba. Kama ciyawar nan.” Daga ranar na samu natsuwa.

Wasiyya

Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ta kira ni ta ce, “Layi ɗaya nake so a dutsena: Nan Anaksila take, wadda ta koya mana daina tsoro. Kada ka ƙara ko ɗigo.” Na ɗauki alkawari a gaban shaidu.

Rasuwa da Jana'iza

Ta rasu a lokacin girbin zaitun, a shekarar gasa ta ɗari da ashirin da tara, tana da shekara sittin da shida. Babban ɗanta Kalikon, wanda ke neman kujera a majalisar birni, ya ɗauko mata masu kukan haya, ya cusa mata kwabo a baki wai ladan mai fiton matattu. Tir! Matar da ta ƙarar da rayuwarta tana warkar da mutane daga wannan tsoro!

Da na faɗa masa wasiyyar, sai ya ce, “Baba Dorkon, so kake duk mai wucewa ya karanta cewa uwata ta yi zaman lambu da bayi? Rubuta abin da ake rubuta wa matan kirki. In ka ƙi, masu guduma sun yi yawa a garin nan, aikin sassaƙa da majalisa ke ba ka kuma ka yi bankwana da shi.” Na ji tsoro, na sassaƙa: Matar Kilon, ta kaɗa ulu, ta riƙe gida, ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Ko sunanta babu.

An binne ta a gefen hanyar ƙofar gabas. Ta bar 'ya'ya biyu: Kalikon, wanda ya samu kujerarsa, da Sime, wadda har yau take ban-ruwa a lambun. Ta kuma bar almajirai arba'in da ɗaya, waɗanda dukansu ke barci lafiya albarkacinta, ban da ni.